Neman kalma cikin gaggawa: antioxidant da microalgae, gobe za mu naɗi shiri

'Yar Rediyo:
Assalamu alaikum malamaina. Ina cikin matsi. Gobe Alhamis ƙarfe 4 na yamma za mu naɗi shirin lafiya. Baƙona malamin jami'a ne da ke bincike a kan waɗannan ƙananan halittu koraye na ruwan tafki da kududdufi, yana tatso sinadaransu yana gwadawa a kan ciwon daji a ɗakin gwaji. Ya turo min takardarsa, Turanci zalla, kuma shugaban sashenmu ya ce kada ya ji Ingausa a shirin. Kalmomi uku ne suka tsaya min a wuya: microalgae, extract, uwa-uba antioxidant. Anticancer kam na riga na sa "maganin ciwon daji", wannan ba matsala. Don Allah a taimaka kafin asuba.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ta farko gansakuka ce. Sai dai wadda muka saba gani, mai zare-zare da santsi a bakin rijiya ko gindin randa, babbar ce. Wadda baƙonki yake nufi ƙwaya ɗaya ce tal, ido ba ya ganinta sai da madubin ɗakin gwaji. Chlorella, wadda aka fi yin aiki da ita, faɗinta bai wuce kashi 2 zuwa 10 cikin dubu na milimita ba. Sai sun taru miliyoyi sannan ki ga ruwa ya koma kore kamar an dama kuka. Ni da ɗalibaina "ƙananan gansakuka" muke cewa.

Na Bakin Kogi:
Ba kainuwa ba ce?

Malamin Bayoloji:
A'a. Kainuwa tana da ganye, tana da saiwa, har fure take yi. Tsiro ce sosai, tana yawo ne kawai a kan ruwa.

Baba Mai Ƙamus:
Salamu alaikum. Ku bar batun gansakuka, ya ƙare. A kan antioxidant na zo, don shekara da shekaru ina da kalmarta a littafina, ba wanda ya tambaya. KAS-TSATSA. Tsarin nan namu ne tun kaka da kakanni: kas-kaifi, kare-dangi, hana-salla, dafa-duka, fasa-ƙwauri. Aikatau a gaba, suna a baya, namiji ne, gaɓa uku, yaro ma zai riƙe. Abin da iska take yi wa ƙarfe shi take yi wa jiki, ƙarfe kuwa tsatsa yake yi. To me ya rage? Rubuta ki je ki kwanta, 'yata.

'Yar Rediyo:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yana da daɗi a baki kam. Amma in na ce jikin mutum yana tsatsa, ba za a yi min dariya ba?

Ɗan Leb:
Ranka ya daɗe Baba, tsatsar na yarda da ita, "kas" ɗin ne ban yarda ba. Abin ba kashe tsatsa yake yi ba, riga ta yake yi. Anti, ga misalin da za ki ba masu saurare: farin goro. Ki gatsa ki ajiye, jim kaɗan gurbin haƙorin ya yi ja. Ko ki yanka dankalin turawa ki bari, ya yi duhu. In kin ɗiga lemon tsami a wurin, sai ya daɗe bai canza ba, saboda bitamin C da tsamin da ke ciki sun tare abin. Wannan tarewar ita ce aikin antioxidant. Ni "hana-tsatsa" zan ce, a kan tsarin hana-salla ɗin da Baba ya kawo da kansa.

Baba Mai Ƙamus:
Kas-kaifi ma ai ba karya wuƙar yake yi ba, hana ta ci yake yi. Ka koma ka yi nazari, yaro.

Hajiyar Fassara:
To ai nan gizo ke saƙar, Baba. Kas-kaifi na 'yan tauri ne. Duk wanda ya ji kas-tsatsa a rediyo zai ɗauka wani asiri ne ake sha a ƙoƙo. Ni da na taɓa fassara takardar abinci mai gina jiki, "makari" na yi tunani, makarin tsatsa. Na fasa, saboda makari sai guba ta shiga ake nemansa, kuma shi ma yana warin zauren boka. Akwai wata hanya: Bahaushe ya riga ya san abu yana lalacewa in ya sha iska. Siminti ya sha iska, magani ya sha iska, garin yaji ya sha iska. Me zai hana "mai hana shan iska"?

Na Bakin Kogi:
Mai hana shan iska ai maigidan da ya yi kulle ne, Hajiya 😂

Ɗan Leb:
Ko mai ruƙiyya. A ƙauyenmu in kika ce iska ta shiga jikin mutum, ba oksijin za su fahimta ba.

Hajiyar Fassara:
Na janye, Allah ya shirye ku.

Malamin Bayoloji:
Tunda an shiga raha, ga yadda nake koya wa 'yan aji free radical, don na tabbata baƙon zai ambace shi. Ilektiron, wato ƙananan ɓurɓushin da ke cikin kowane sinadari, bibbiyu suke zama. In sinadari ya rasa ɗaya, ya zama gwauro, wato free radical ke nan, ba ya zama lafiya sai ya ƙwace na maƙwabci. Wanda aka ƙwace wa shi ma ya zama gwauro, ya afka wa na gaba, haka abin zai yi ta tafiya har ya taɓa bangon ƙwayar halitta ko kundin gadonta. Antioxidant shi ne attajirin unguwa da ke yi wa gwauro auren sadaka, ya ba shi ilektiron ɗaya, shi kuma bai tsiyace ba. Ba na cewa a sa "gwauron sinadari" a ƙamus, amma ba ɗalibin da ya taɓa mantawa.

'Yar Rediyo:
Wallahi wannan zan ɗauka yadda yake, Malam. Saura sunan.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi mini haƙuri, ni ban ga abin wahala ba. Mu nan da muka yi lakwal da Faransanci, antioxydant muke cewa, ku da Turancin Ingila kuna cewa kusan haka. Kalma ɗaya ce ta haɗa Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi. A rubuta antiyoksidan a wuce, yadda aka yi wa bitamin. Rediyonku har nan muna kama shi. In kun ƙera kas-tsatsa a Kano yau da dare, gobe matar da ke Tasawa ta je kantin magani ta ce a ba ta mai kas-tsatsa, wa zai gane ta?

Baba Mai Ƙamus:
Ga irinta nan. Lalaci ke nan da ya kashe mu. Antiyoksidan! Gaɓa biyar, ba ɗaya da ke nufin wani abu ga Bahaushe. Kun mai da harshe kamar kasuwar gwanjo, duk tsumman da Bature ya yar sai ku ɗauka ku ce ya yi muku daidai. Mutanen Tanzaniya tun 1967 suke da hukumar ƙasa mai kula da Swahili, suna zama suna ƙera kalma, gwamnati ta bi. Mu an kafa mana Hukumar Hausa a 1955, ina take yau? Bargery, baƙo, ya tattara ƙamus ya fitar a 1934, mu 'yan gida ko kalma ɗaya ba za mu iya haifa ba sai aro.

Ɗan Maraɗi:
Allah gafarta Malam, sunan da ka sa wa kanka a nan ma aro ne. Ƙamus Larabci ne. Likita da asibiti daga ina suka zo? Allura fa? Sabulu fa?

Baba Mai Ƙamus:
Waɗancan kakanni ne suka ara, suka tauna, suka narkar har suka zama namu. Dubi nisan da ke tsakanin likita da kalmar da ta haife ta. Naka ko taunawa ba ka yi ba, haɗiya ka yi da ƙashi.

Basakkwace:
Ni abin da ka ba ni haushi, kullum in an ce daidaitacciyar Hausa, Hausar Kano aka nuhi. Wa ya ba ku sarautar? Mu da munka rubuta waƙoƙi da ajami tun zamanin Shehu, sai a ce mu bi bakin Kurmi.

Hajiyar Fassara:
Malam, ba wanda ya ambaci Sakkwato a nan. Tsatsa ko a wurinku tsatsa ce.

Basakkwace:
Ina dai hwaɗi ne don a sani.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ya faɗa. Ko harafi ba mu daidaita ba, mu muna rubuta ƴ, ku kuna rubuta 'y, kuma kullum mu ake ce wa mun yi kuskure.

'Yar Rediyo:
Jama'a ƙarfe 11 ta wuce. Don girman Allah a bar Kano da Sakkwato su kwana. Extract fa? Na rubuta "tsimi".

Ɗan Leb:
Kada ki kuskura, Anti. Tsimi abin sha ne, jiƙo ma haka. Mu a leb, wato ɗakin gwaji, busar da gansakukar muke yi, mu niƙa, mu jiƙa a methanol ko ethanol ko wani ruwan narkarwa, mu tace, mu ƙafar da ruwan, ɗan abin da ya rage a gindin kwalba shi ne extract. Methanol guba ne, yana makantarwa, yana kisa. Ba abin kai wa baki ba ne ko kusa. Ki ce "tataccen sinadari".

Hajiyar Fassara:
Ga shi kuma in mata suka ji tsimi a rediyo, wani tsimin daban za su zata, wayoyin tashar ba za su huta ba. Tataccen sinadari ya yi.

Baba Mai Ƙamus:
"Tatso" ya fi. Daga tatsa. Kalma ɗaya maimakon biyu. Tatson gansakuka.

Ɗan Injamena:
Salamu alaikum, yanzu na ga zancen. Abin da kuke neman suna, wato microalgae, mu nan Cadi muna ganinsa a kasuwa. Matan Kanembu na yankin Kanem da bakin Tafkin Cadi suna kwasarsa a ƙananan tafkunan kanwa, su zuba a ramin da suka gyara cikin yashi, ruwa ya tsotse, rana ta busar, su yayyanka shi gutsi-gutsi kamar ƙuli. Dihe suke ce masa, ana miya da shi a ci da tuwon gero. Shi ne spirulina da Turawa ke sayarwa a kwalba da tsada. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar garin nan a 1964, lokacin ana ce mata Fort-Lamy, daga nan duniya ta waiwayo. In aro za a yi, ga na maƙwabta, me ya kai mu Turai? A ce dihe.

Baba Mai Ƙamus:
Madalla da ɗan halak. Wannan aro ne na zumunci, na karɓa.

Malamin Bayoloji:
Labarin gaskiya ne, kuma ya kamata ya shiga shirin, don mutane su san abin ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Amma dihe nau'i ɗaya ne. Ruwan kanwa yake so, baƙon Hajiya kuwa a kan na ruwan daɗi yake aiki, irin su Chlorella da Scenedesmus da Haematococcus, wannan da ke rikiɗa ya yi ja in ya sha rana da yunwa, jan da ake sa wa kifin salmon na kiwo a abinci. Kuma in za a bi ƙa'ida, spirulina dangin bakteriya ce, al'ada ce ta sa ake lissafa ta cikin gansakuka. In muka kira duka dihe, kamar mu kira duk hatsi maiwa ne.

Likitar Mata:
Na karanta tun daga sama. Kun kwashe awa uku a kan kalmar da ba za ta cutar da kowa ba, kun tsallake wadda ƙanwata ta ce ba matsala. "Maganin ciwon daji." Ƙanwata, don Allah goge wannan.

Ga abin da irin wannan bincike yake yi. Gwaji na farko, ana zuba tataccen sinadarin a wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH, in ya koɗe ya koma rawaya, sai a ce yana da ƙarfin hana tsatsar da kuke magana. Na biyu, ana da ƙwayoyin halitta na sankara da ake renonsu a faranti shekara da shekaru, irin su MCF-7 na mama, HepG2 na hanta, HeLa na bakin mahaifa da aka ɗauka a jikin wata mata a Amurka tun 1951. A ɗiga musu sinadarin, a jira kwana ɗaya zuwa uku, a auna nawa suka rage da rai. Shi ke nan. A faranti ko tafasasshen ruwa yana kashe su. Tsakanin faranti da jikin mutum akwai gwajin ɓeraye, akwai gwajin mutane hawa-hawa, kuma mafi yawan sinadaran da suka yi kyau a faranti a hanya suke zubewa.

Har shi hana-tsatsan ba kullum yake alheri ba. A Finlan an yi wa maza masu shan taba fiye da 29,000 gwaji, sakamakon ya fito a 1994: waɗanda suka sha ƙwayar beta-carotene, wani sinadarin hana-tsatsa, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwajin a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 saboda irin wannan sakamako.

Ni nake ganin matan da ke zuwa da sankarar mama ta riga ta fashe, bayan an shekara ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida. In rediyo ya ce gansakuka maganin daji ce, jibi za a fara kwasarta a kududdufin bayan gari. Wasu daga cikin masu sa ruwa ya yi kore suna fitar da gubar da ke lalata hanta. A garin Caruaru na Brazil a 1996 ta shiga ruwan wankin ƙoda, mutum fiye da 50 suka mutu. Ban da tsargiya da ke jiran duk wanda ya shiga ruwan.

'Yar Rediyo:
Innalillahi. Yaya, na goge. To me zan ce? Takardar ta ce anticancer potential.

Likitar Mata:
Kalma ta biyun ce mai nauyi, ita ce kuma kowa ke yarwa in ya zo fassara. Ki ce ana gwadawa a ga ko zai iya. Kada kalmar magani ta fito daga bakinki ko sau ɗaya. Kuma kada ki ce "ƙwayoyin cutar daji", sai a zata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka kamar tarin fuka, a fara gudun masu ita. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne da kansa suka ƙi bin doka.

Baba Mai Ƙamus:
Likita ta yi gaskiya a nata fannin. Amma wannan ma tsarin nawa ya warware shi. In an karɓi kas-tsatsa, sai a ce kas-kansa. Biyu ke nan a jifa ɗaya.

Na Bakin Kogi:
Baba sake karanta abin da ka rubuta 😭

Hajiyar Fassara:
Kas-kansa, Baba? A rubuce ai wanda ya kashe kansa ke nan. Shi ya sa ni ba na rubuta kansa a takarda sam, "maganin kansa" ma ya isa ya rikita mai karatu. Sankara nake sawa, ko ciwon daji.

Ɗan Leb:
Sankara kuma a kula da furuci, kada ta zama sanƙarau.

Baba Mai Ƙamus:
Kuskuren alƙalami ne. Kas-sankara nake nufi.

Likitar Mata:
Shi ma alkawari ne, Baba, kuma ba mu da abin cika shi.

Baba Mai Ƙamus:
To ku yi ta jan jimla kamar igiyar guga. Harshen da ba ya iya faɗar abu da kalma ɗaya, kullum a bayan wasu zai zauna.

Ɗan Maraɗi:
Ni har yanzu ina kan antiyoksidan. Abin da ke rubuce jikin kwalin magani ke nan, ko mun so ko mun ƙi.

'Yar Rediyo:
To ga abin da na rubuta, ƙarfe 1 saura. Buɗe shiri: "Yau za mu ji gwajin da masana ke yi a kan ƙananan gansakukar ruwan daɗi, wadda ido ba ya gani, domin a ga ko tataccen sinadarinta yana hana tsatsar jiki, da kuma ko zai iya daƙile ƙwayoyin halittar sankara a ɗakin gwaji." Karon farko zan ce "hana-tsatsa, wato abin da ake rubutawa antiyoksidan a jikin kwali", daga nan in ci gaba da hana-tsatsa. Goro da gwauro da dihe duk suna ciki. Gargaɗin Yaya Likita zan karanta shi a farko da ƙarshe. Anticancer ban samu kalma ba, jimla zan yi ta yi.

Malamin Bayoloji:
Ya yi. Jam'insa fa, in baƙon ya ce suna da yawa?

Hajiyar Fassara:
Sinadaran hana-tsatsa. Kada wani ya ce hana-tsatsoshi.

Baba Mai Ƙamus:
Hana-tsatsa rabin kalmata ce, an cire mata kai an ɗora wani. Ba komai. A dai rubuta cewa tsatsar ni na kawo. Tatso kuma ba ku ba ni amsa ba.

Basakkwace:
Ni ban aminta ba, amma dare ya yi.

'Yar Rediyo:
Mun naɗa, alhamdulillahi, Asabar za a saka. Hana-tsatsa ya zauna a bakina lafiya lau. Baƙon ya yi dariyar gwauro har sai da muka tsaya, ya ce zai ara. Shi kam antioxidant ya yi ta cewa da Turanci, na ƙirga sau 14, mai haɗa sauti ya ce ba zai iya yanke su duka ba. Sau ɗaya kuma bakinsa ya kuɓuce ya ce "magani", wannan na tsaya a kansa sai da aka cire. Baba, ya ce in tambaye ka me za a kira phycocyanin, shuɗin launin da ake samu a dihe.

Baba Mai Ƙamus:
Ba ni zuwa la'asar. Akwai wani abu a littafina a kan baba da shuni.